Toka a Cikin Kamfa

Ku matso kusa, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga magana nan tafe gare ku, amma ba tatsuniya ba ce. A kaina ta faru, kuma waɗanda suka gani da idonsu ba su gama mutuwa ba.

Ni Dije ban taɓa riƙe alƙalami ba. Faɗa nake yi ana rubutawa, na kuma ce a rubuta yadda ya fito daga bakina. Abin da ya sa na ware shekara guda na tsaya a kanta shi ne katangar nan da ke tsakanin gidanmu da gidan Baba Audu. Kun taso kun gan ta. Kun ji ana cewa ni na raba gandu saboda kwaɗayin gona, wasu kuma na cewa bokon Rabi ne ya hau mata kai ta raina manya. Ko ɗaya ba haka ba ne. Toka ce ta raba mu, kuma tokar nan ni na kawo ta gidan.

Daga wani ƙauye a bayan Danja aka kawo ni Tsiga. A gidan ubana ba a zubar da toka. Maƙwabtanmu Maguzawa ne, manoma na gaske, a wurinsu tsohona ya ga ana kwashe tokar murhu tun da rani a watsa a gona, a bar ta ruwan farko ya shigar da ita ƙasa. Da wannan na taso. Da na zo gidan kakanku, Allah ya jiƙansa, na tarar shi da yayansa Audu gandu ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake buɗewa, tukunya biyu ake ɗorawa. Ni Yaya nake ce wa Audu, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Matarsa Gambo kuwa faccalata ce, amma ko uwa ɗaya ta haife mu ba za mu fi haka shiri ba. Muna nan har aka shiga shekarun da takin zamani ya yi wuya, wanda manoma ke ce wa kamfa, buhun da ake samu ba ya kai ƙarshen gona. Ni da kaina na ce wa Malam, kakan naku, me zai hana a gauraya shi da toka ya yi auki, tunda ita ma abincin ƙasa ce? Malam ya kai wa Yaya maganar, Yaya ya ce a gwada. Shekarar aka yi damina mai albarka, masara ta yi kyau, aka ce dabarar Dije ce. Daga nan ta zama dokar gida: kwano biyu na toka, kwano ɗaya na kamfa, a yayyafa ruwa don kada iska ta kwashe, a rufe da buhuna a ɗakin ajiya kwana biyu. In aka buɗe sai wani wari ya taso ya shiga hanci kamar allura, ido ya kawo ruwa. Mu kuwa sai murna. Mukan ce taki ya tashi. In warin bai yi ƙarfi ba ma, ƙara ruwa muke yi mu sake rufewa.

Shekara takwas muna haka. Ganyen masara yana ɗashewa tun ba ta fitar da kai ba, zangarniya tana ƙanƙancewa, mu kuma muna zagin masu sayar da taki, muna cewa ƙasa ta gaji. Sai Malam ya rasu. Ba a raba gado ba, don Yaya ya ce muddin yana numfashi 'ya'yan ƙaninsa a rumbunsa za su ci. Ya kuwa riƙe mu da gaskiya, wannan ku rubuta shi da kyau. Amma rumbun ne ba ya kai mu. Shekarar da ta biyo bayan rasuwar, tun ruwa bai zauna sosai ba muka share ƙasansa, muka koma tuwo sau ɗaya a yini, ga ni da yara biyar a gabana. Na san in aka sake irin wannan shekara, sai na rarraba ƙananan a gidajen dangi. Wannan ne abin da ke cikina lokacin da damina ta gaba ta kama.

Rabi ita ce ta ukuna. Ubanta ne ya tsaya ta yi karatu, har ta kai kwalejin horon malamai a Zariya, tana koyon ilimin haɗa sinadarai. Ta zo hutu masara na da kwana goma sha biyu da tsirowa, mun riga mun gauraya buhu biyu, saura shida a jingine. Da hantsi na aike ta ɗakin ajiya ta ɗauko mini rariya. Sai ga ta ta fito a guje tana tari, hawaye na zuba.

"Inna, me kuka rufe a ɗakin nan?"

Gambo na bakin murhu, ta kwashe da dariya.

"Malama, ƙarfin ne ya buge ki? Mu da muka saba ko atishawa ba ma yi."

"Ƙarfin ne kuwa, Inna Gambo. Amma fita yake yi. Abin da kuke shaƙa ɗin nan shi ne abincin masarar."

Raina ya ɓaci. Na ce mata tun tana wasan ƙasa muke wannan aiki, ba yau za ta zo da wandon makaranta ta koya mana noma ba. Ta ɗauko kofi biyu, ta zuba kamfa tsantsa daga sabon buhu a kowanne, ta sa ruwa ta kaɗa, ta miƙo mini ta ce in shinshina. Ban ji komai ba. Ta tace ruwan toka irin wanda muke sa wa miya ta tsiyaya a ɗaya, ta rufe da tafin hannu jim kaɗan, ta buɗe a hancina. Sai da na kau da kai.

"To ai ga shi nan," na ce, "toka ta tayar da shi."

"Ta tayar da shi, Inna. Ina ya tafi?"

Na dubi kofin, na dubi sama.

Sai ta jawo faifai ta zauna a ƙasa gabana. Ta ɗebo wake, ta tsinto duwatsu biyu da murfin kwalba. Ta ce duk abin da Allah ya halitta, in aka bi shi har ƙarshen ƙanƙanta inda ido ba ya kaiwa, akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ke kewaye da shi, ilektaron ake ce musu, kuma bibbiyu suke zama. Wani abu yana da biyu a sake, ba su riƙe da komai. Wani kuma gurbi gare shi fanko, yana neman biyun da za su cike shi. In mai biyun ya miƙa su cikin gurbin, shi ke nan sun ɗauru da juna. Mai bayarwa a makaranta bes suke ce masa, mai karɓa kuma asid. Ta ajiye dutse ɗaya da wake biyu a gefensa ta ce wannan amoniya ne, shi masara ke ci ta yi kore, amma shi kaɗai iska ne, ba ya zama wuri ɗaya. Ta ɗaga murfin kwalba ta ce wannan haidurojin ne, ga cikinsa ba kowa. Ta zuba waken biyu a murfin ta matso da shi jikin dutsen.

"Haka suke a cikin buhu. Ya ba shi biyunsa, sun ɗauru, shi ya sa yake zaune a ƙwayar taki har ya isa gindin masara."

Sannan ta kawo dutse na biyu, shi ma da wakensa biyu. Ta faɗi sunansa, dogo ne, bai zauna mini ba, ni ɗan toka na sa masa, don ta ce da zarar ruwa ya taɓa toka yake fitowa. Ta ce shi ya fi amoniya ƙarfin miƙa nasa. Ta juye waken farko ta mayar wa dutsen farko, ta zuba na ɗan toka a murfin, ta ja murfin zuwa wajensa. Ta ce waɗannan biyun sun zama ruwa. Dutsen farko kuwa ta ɗauke shi ta cilla bayan danga.

"Ba abin da ke riƙe da shi kuma. Shi ne ya shiga hancinki. To Inna, tsakanin ɗan toka da murfi, wa ya bayar, wa ya karɓa?"

Na ce ɗan toka ne ya karɓa mana, ba ga shi ya ƙwace murfin ba?

"Wake za ki duba, Inna, ba murfi ba. Waken wa ke cikin gurbin?"

Na sake dubawa. Na ɗan toka ne. Ashe shi ya bayar. Ashe amoniya da ɗan toka duk masu bayarwa ne, mai karɓa guda ɗaya ne tak a faifan, ɗan murfin nan da ban ɗauke shi bakin komai ba. Gambo ta taso da muciya a hannu ta leƙa.

"Wato murfin nan bazawara ce mai manema biyu, wanda ya fi sakin hannu shi take bi. Dije, ki dai yi hankali, kin gama takaba."

Na kai mata duka da zani, ta kauce tana dariya. Amma da ta koma bakin murhu na ga ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin ajiya.

Kwana uku ban bar Rabi ta huta ba. Ba don sha'awar boko ba. So nake in kama ta da kuskure, don in gaskiyarta ce, to ni na jawo wa gidan nan yunwar shekara takwas. Duk abin da na taɓa a madafa sai na tambaye ta. Na jiƙa tsamiya na jefa kanwa ta yi kumfa, na ce wa ya bayar? Ta ce in faɗa da kaina. Na ce tsamiya, don ita ke da kaifi a harshe. Ta ce a'a, kaifi ba shi ne shaida ba, tsamin nan murafu ne fanko masu yawa, kanwa ce ke da wake. Na kawo alimun da muke sa wa ruwan rijiya in ya yi laka, ta ce a cikinsa akwai mai gurbi, har gurabunsa sun fi ɗaya. A hankali na gane hanyar. Ba a duba wanda ya fi girma, ko wanda ya fi wari, ko wanda ya ja wani zuwa wajensa. Abu biyu ake nema: ina biyun da ke sake, ina kuma gurbin da ba kowa. Rana ta uku ta jera mini wasu a faifai ba tare da ta faɗi sunansu ba, na nuna mata mai bayarwa da mai karɓa sau biyar ban kuskure ba. Ta ce rabin ajinsu a nan suke faɗuwa. Ban ji daɗin yabon ba. Na tambaye ta ko tokar guba ce ga gona. Ta ce ko kaɗan, toka na gyara ƙasa, haɗa su wuri ɗaya da ruwa shi ne ɓarnar. A watsa toka da rani, a sa kamfa da damina. Wato yadda tsohona ke yi tun farko, ni ce na sauya.

Saura kwana biyu a gauraya buhu shidan. Babban ɗana, wanda ba na faɗin sunansa, Babba nake ce masa, lokacin yana da mata da ɗa guda, a bayan Yaya yake noma. Na ce ya je ya faɗa wa baffansa. Ya ce shi ba zai iya ba. Rabi ta ce ita za ta je, na hana ta, don na san in daga bakinta ta fito ba za a saurari maganar ba, shekarunta za a ƙirga. Bayan la'asar na yafa mayafi na tafi zaure, na durƙusa daga bakin ƙofa. Yaya na gyaran igiyar shanun huɗa. Na gaishe shi, na faɗa masa duka, har da kofi biyun. Ya saurara bai katse ni ba.

"Dije, wa ya kawo wannan dabara gidan nan?"

"Ni ce, Yaya."

"Yanzu kuma ke ce kika ce ƙarya ce."

"Kuskure ne, Yaya. Na yi shi ban sani ba."

"Kin san mutum nawa na koya wa a garin nan? A bakin masallaci na faɗa, a kasuwar Bakori na faɗa. Har daga Dandume wani ya zo a kan babur ya duba yadda muke rufewa. Sai in tashi in ce musu yarinyar da aka yi wa suna a gabana ta zo da wake da murfin kwalba ta ce mu duka wawaye ne?"

"Ba sai ka ce komai ba, Yaya. A bar buhu uku kawai kada a gauraya, a sa a gefe ɗaya, a gani."

"Gandu ba ya cin taki iri biyu. Yadda na yi da ƙanina haka zan yi har in bi shi. Wanda bai yarda ba, ga rabon marayu nan, ya ɗauka da abin da ke tsaye a kai."

Bai ɗaga murya ba. Ina jin bai zaci zan ɗauka ba, ni ma da na tashi daga wurin ban zaci haka ba.

Washegari Babba ya same ni ina tankaɗe. Ya ce, "Inna, a kan toka za ki raba gidan ubanmu? Me mutane za su ce?" Na ce masa mutane ba su zo ba ranar da Asabe ƙanwarsa ke lasar tukunya. Ya ce to idan Rabi ta yi kuskure fa? Na ce na shinshina da hancina. Gambo ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Abin da ta ce kawai, "In kika fita, da wa zan riƙa daka?" Wannan ta fi ta Babba yi mini nauyi. Na auna ta kowace fuska. In na zauna, na san abin da ke cikin ɗakin ajiya, kuma hannuna ne zai yayyafa ruwan. In na fita, na tozarta mutumin da ya riƙe ni da 'ya'yana. Da azahar na aika aka faɗa wa Yaya na karɓa.

Mai unguwa da liman suka zo aka taka gona. Rabonmu ya faɗa ta tudu, wajen da ke da tsakuwa, aka ba mu buhu uku. Babba ya biyo ni ba da son ransa ba, wata biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ni da shi da Rabi muka bi masara gindi gindi, a tona, a zuba kamfa tsantsa, a rufe da ƙasa. Shanun huɗa na Yaya ne, bai hana ba, mu kuma ba mu tambaya ba, da fartanya muka yi. A cikin gida aka fara kafa dangar kara, don tunda rumbu ya rabu sai an raba tsakar gida saboda awaki. Katangar ƙasa sai bayan shekara biyu aka gina ta.

Ba zan ce muku mun yi abin mamaki ba. Masararmu ta fi tasu duhun ganye, duk mai wucewa ta hanyar Danja ya gani, amma ruwa ya ɗauke da wuri a shekarar, ya taɓa mu duka. Rumbun da Babba ya gina bai cika ba. Sai dai ya kai mu har sabuwar masara, tuwo sau biyu a yini, ban kai ko ɗaya daga cikin yarana gidan kowa ba. Na Yaya ya ƙare da saura wata biyu. Da aka yi masa maganar, ya ce tudu ya fi karɓar taki, shi ya sa. Na auna masara na ba Gambo ta bayan danga, ya gani ya sa aka dawo da ita. Na sake bayarwa a niƙe, wannan bai tambayi daga ina ta fito ba.

Yaya Audu ya yi shekara huɗu yana gaurayawa. A ta biyar Gambo ta ce mini ya ce toka ta yi ƙaranci a gidan, a sa takin haka nan. Tokar kuwa tana nan tuli a bayan ɗaki. Bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Muna gaisawa da Sallah da ranar suna. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na je na durƙusa a bakin ƙofa na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe, ya juya fuskarsa bango. Shekara tara ke nan da rasuwarsa.

Gambo ta bi shi bayan shekara uku. Har ta mutu, in za ta yi daka sai ta jawo turminta jikin katanga, ni ma in jawo nawa ta wannan gefen.

Babba shi ke riƙe da gonar tudu, ya kuma ƙara da ta gefenta. Shi ya bi gidajen da baffansa ya koya wa ɗaya bayan ɗaya ya warware musu, amma sai bayan an binne baffan ya fara.

Rabi tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Malumfashi, 'ya'yanta huɗu. 'Ya'yan Baba Audu har yau ba sa zuwa gidanta, ita da ko zauren ba ta shiga ba.

Ni kuwa ga ni nan, ido ya yi rauni, gwiwa ba ta kai ni gona. An tambaye ni ko da za a mayar da ni ranar zan sake. Zan sake. Amma da na samu Yaya shi kaɗai a gona, ba a zaurensa ba inda masu wucewa ke ji. Wannan kuskuren nawa ne, kada ku ɗora wa kowa.